Rabon Kuɗin Makarantu da Haƙƙin Ɗan Mabuƙaci a Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya wajabta adalci a kan masu mulki, ya kuma sanya dukiyar jama'a amana a hannunsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan wata mas'ala wadda ba a cika kawo ta a majalisin karatu ba, ko da yake ta shafi kowane gida, watau yadda hukuma take raba kuɗin makarantun gwamnati, da matsayin yaran da buƙatarsu ta fi ta saura a cikin wannan rabo. Mutane da yawa sun ɗauka wannan zance na 'yan boko ne da 'yan siyasa, babu ruwan fiƙihu da shi. Alhali kuwa malamai sun yi masa babi tun da daɗewa, a inda suke bayanin baitulmali da waɗanda ke da haƙƙi a cikinsa.

Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne bambancin adalci da raba daidai, domin sau da yawa akan cakuɗa su. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin Nu'umanu ɗan Bashiru, Allah ya yarda da su, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta, ya kuma je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin ya zama shaida. Da Annabi ya ji cewa sauran 'ya'yan ba su sami irin wannan kyauta ba, sai ya ƙi yin shaidar, ya umurce shi da yin adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun ce wannan hukunci na kyauta ne. Amma ciyarwa da tufatarwa da magani, abin da ake kira nafaƙa, gwargwadon buƙata ake yin su. Uban da yake da 'ya'ya uku, ɗaya yana fama da amosanin jini, bai zalunci biyun ba idan ya kashe wa majinyacin kuɗin magani ninkin abin da ya kashe musu. Da zai kasa kuɗin maganin kashi uku daidai, ya ba kowa nasa, da ya cuci majinyacin, masu lafiyan kuwa bai amfane su da kome ba. To, kuɗin da ake kashewa a kan karatun yaro dangin nafaƙa ne. Abin nufi da shi yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, kuma abin da zai kai wani yaro ga wannan matsayi ba zai kai wani ba.

Dukiyar da ke shiga baitulmali iri biyu ce a wajen malamai. Akwai zakka, wadda Allah da kansa ya ƙayyade masu cinta, kashi takwas, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. A mazhabar Malikiyya ba a gina masallaci ko makaranta ko gada da zakka, sai dai a miƙa ta ga ɗalibi matalauci saboda talaucinsa. Akwai kuma sauran dukiya, kamar fai'i, watau abin da ya zo hannun Musulmi ba tare da yaƙi ba, da harajin ƙasa, da humusi, wadda ake kashewa a kan maslahar jama'a baki ɗaya. Malikiyya sun ƙara da cewa ma'adinan da ke cikin ƙasa hukuncinsu yana hannun shugaba, ya sarrafa su domin amfanin jama'a. Man fetur kuwa, wanda ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin Nijeriya, ma'adini ne. Saboda haka masu cewa a bar karatun 'ya'yan talakawa ga zakka da sadakar attajirai sun sauke wa hukuma nauyin da shari'a ba ta sauke mata ba.

Shugaba kuma ba shi da ikon yin yadda ya ga dama da wannan dukiya. Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ya kwatanta matsayinsa game da baitulmali da matsayin mai riƙon dukiyar maraya, malamai kuma suka mai da wannan ƙa'ida, cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa ingancinsa yana rataye da maslaharsu. Wani zai ce ai Nijeriya ba daular Musulunci ba ce, taskarta ta Musulmi ce da wanda ba Musulmi ba. Gaskiya ne. Amma gwamna Musulmi, da kwamishina Musulmi, da ɗan majalisa Musulmi, ba su ajiye amana a ƙofar ofis ba, za a kuma tambaye su. Har ila yau Abu Yusufu ya kawo a littafinsa na haraji cewa Umaru ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya yanka masa abin ciyarwa daga baitulmali, shi da ire-irensa. Ashe buƙata ce ma'aunin, ko mabuƙacin Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

A cikin tarihin Annabi akwai misalai bayyanannu. A shekara ta 4 bayan Hijira dukiyar Banu Naliri ta zo hannun Musulmi ba tare da yaƙi ba. Annabi ya raba ta ga Muhajirai, waɗanda suka baro gidajensu da dukiyarsu a Makka, bai ba Ansaru ba sai mutum biyu matalauta, Sahalu ɗan Hunaifu da Abu Dujana. Ansaru su ne masu gari, su ne suka ba da masauki, amma ba su ce an zalunce su ba. Aya ta 7 ta Suratul Hashari ta lissafa masu haƙƙi a irin wannan dukiya, marayu da miskinai da matafiya suna ciki, ta kuma bayyana hikimar hukuncin, watau hana dukiya ta tsaya tana kewayawa a hannun mawadata kaɗai. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Aufu ɗan Maliku cewa idan fai'i ya zo, Annabi yakan raba shi a ranar, ya ba mai iyali kashi biyu, gwauro kashi ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da masana kasafin kuɗi na zamani suke nufi idan suka ce a auna nauyin buƙata kafin a raba.

Wanda ya fi kusa da zancen makaranta shi ne na mutanen Suffa, matalautan da ke kwana a rumfar masallacin Madina, ba su da iyali ba su da dukiya, aikinsu koyon Alƙur'ani da sunna. Abu Huraira yana cikinsu. Imamu Ahmadu ya ruwaito cewa Nana Faɗimatu da Sayyidina Aliyu sun nemi Annabi ya ba su mai hidima daga cikin bayin da aka kawo, domin niƙa ya ci hannunta, ɗiban ruwa ya gajiyar da shi. Annabi ya hana su, ya gaya musu ba zai ba su ba alhali mutanen Suffa suna kwana da yunwa, zai sayar ne ya ciyar da su da kuɗin, sa'an nan ya koya musu tasbihin da za su riƙa yi lokacin kwanciya. Ɗalibai matalauta aka gabatar a kan 'yar shugaba ta cikinsa. Kafin wannan ma, bayan yaƙin Badar a shekara ta 2, fursunonin Kuraishawa da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a madadin fansarsu, kowane ɗaya yara goma kamar yadda masu tarihi suka ambata. Fansar mutum guda a lokacin takan kai dirhami 4,000, Musulmi kuwa suna cikin tsananin rashi.

Halifofi biyu na farko sun saɓa a hanyar rabo, kuma a cikin saɓaninsu akwai ilmi mai yawa. Sayyidina Abubakar ya raba daidai, ɗa da bawa, namiji da mace, wanda ya musulunta da wuri da wanda ya musulunta daga baya. Hujjarsa ita ce ladan rigaye yana wurin Allah, wannan kuwa abin rayuwa ne. Sayyidina Umaru, da ya kafa diwani wajen shekara ta 20, watau littafin sunayen masu karɓa, sai ya fifita wasu a kan wasu. Mutanen Badar ya yanka musu dirhami 5,000 a shekara, na bayansu ƙasa da haka. Ya kuma bayyana abubuwa huɗu da yake dubawa: rigayen mutum a Musulunci, da wahalar da ya sha, da amfanin da yake yi wa jama'a, da buƙatarsa. A cikin wannan magana ce ya yi alkawarin cewa idan ya yi tsawon rai, makiyayin da ke dutsen San'a a ƙasar Yaman rabonsa zai iske shi yana wurin kiwonsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu a nan. Daidaiton Abubakar na kawuna ne, mutum da mutum. Bai ce ƙabila kaza ta karɓi daidai da ƙabila kaza ba ko da ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar. Umaru kuwa ya ɗora wa hukuma nauyin kai haƙƙi inda mai haƙƙin yake, bai jira makiyayi ya bar dabbobinsa ya zo Madina ba.

Shehu Halilu, malamin Misira na ƙarni na 8, wanda Muhtasar ɗinsa shi ne madogarar alƙalan ƙasar Hausa da Barno, ya taƙaita hukuncin a babin jihadi. Ma'anar maganarsa ita ce, ana farawa da mutanen wurin da aka tara dukiyar, amma idan akwai wasu a wani wuri da suka fi su buƙata, sai a kai mafi yawanta can. Wannan hukunci ya yanke wa ɓangarori biyu hanzari. Mutanen yankin da ake haƙo mai suna da haƙƙin a fara da su, kuma kashi 13 cikin 100 da tsarin mulkin 1999 ya ware musu ba baƙon abu ba ne ga fiƙihu. Amma kuma wadatar wani yanki ba ta zama dalilin barin yaran wani yanki cikin jahilci ba.

To, da wannan ma'auni a hannu, sai a dubi abin da ke faruwa a Nijeriya. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, aka rasa azuzuwa da malamai. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, shirin ya yi rauni. A ranar 30 ga Satumba 1999 aka sake ƙaddamar da wani a Sakkwato, aka kuma kafa masa doka a 2004. Dokar ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta ce Gwamnatin Tarayya ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta ba, ta ba hukumar ilmin bai-ɗaya, wadda ake kira UBEC, domin tallafa wa jihohi. Ta kuma sa sharaɗi, cewa jiha ba za ta karɓi rabonta ba sai ta ajiye nata rabin kuɗin aikin.

A tsarin rabon da aka amince da shi a 2008, rabin wannan asusu an sa shi a tallafin da ke da sharaɗin, ana kuma kasa shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kashi 14 cikin 100 aka ware domin rage giɓin ilmi tsakanin yankuna, kashi 2 kacal domin yara masu naƙasa. A ido wannan rabo ya yi kama da adalci, tun da babu jihar da za ta ce an fifita wata a kanta. Amma jiha ba ta zama a aji, yaro ne yake zama. A ƙidayar 2006 Jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Nasarawa kusan miliyan 1.9, Bayelsa miliyan 1.7. Idan aka ba Kano da Bayelsa kuɗi ɗaya, to, abin da ya faɗa kan mutum guda a Kano bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya faɗa kan mutum guda a Bayelsa ba, haka nan tsakanin Legas da Nasarawa abin ya yi kusa da wannan. Zancen bai tsaya ga Arewa da Kudu ba. Wannan rabo bai hau hanyar Abubakar ba, domin ba a daidaita kawuna ba, bai kuma hau ta Umaru ba, domin ba a duba buƙata ba. Hanya ce ta kwantar da hankalin gwamnoni.

Sharaɗin ajiye rabin kuɗi yana da kyakkyawar manufa, watau kada jihohi su miƙe ƙafa su bar wa Tarayya kome. Sai dai abin da ya haifar ya bayyana. Shekara da shekaru shugabannin hukumar suna fitowa suna kukan cewa gomman biliyoyin naira suna ajiye ba a ɗauka ba, saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Kuma ba jihohi matalauta kaɗai ke makara ba, akwai masu hali a cikinsu, abin da ya nuna cewa sakaci ya fi talauci yawa a lamarin. Ko ma wane ne dalili, gwamnan da ya ƙi ajiye kuɗin ba ya rasa kome, 'ya'yansa ba a ajin da rufinsa ya yaye suke ba. Yaron ƙauye ne ake horo da laifin da bai yi ba, shari'a kuwa ta hana a ɗora wa wani laifin wani.

A nan labarin Umaru da jaririn nan yake da amfani. Ibnu Sa'adu ya kawo cewa wata rana ayarin fatake ya sauka a Madina, Umaru da Abdurrahmani ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare Umaru ya yi ta jin kukan jariri, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Daga ƙarshe, ba tare da ta san ko wane ne ba, ta gaya masa yaye shi take son yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umaru ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye Umaru ya yi sallar asuba yana kuka, ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela cewa daga yau kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwarsa, ya kuma aika da wannan umurni zuwa larduna. Dokar farko ba da mugun nufi ya kafa ta ba, tana da dalilinta, tun da mai shan nono ba ya cin abinci. Amma da ya ga sharaɗin yana cutar wanda aka yi dokar dominsa, bai tsaya kare sharaɗin ba, bai kuma ɗora laifin a kan uwar ba. Hanyoyin gyara irin na yau ba ɓoyayyu ba ne. Ana iya cire rabon jiha tun daga tushe kafin kuɗin wata ya isa hannunta, ana iya sassauta sharaɗin ga jihar da rashinta ya tabbata, ana kuma iya kai aikin ga makarantu kai tsaye.

Su wane ne waɗannan yara masu ƙarin buƙata? Na farko a cikinsu shi ne magajin makiyayin San'a, watau ɗan Fulanin daji, da ɗan masunci mai bin ruwa. Doka ta 41 ta 1989 ta kafa hukumar ilmin makiyaya, mai hedkwata a Kaduna, saboda an gane cewa makarantar da ke tsaye wuri guda ba ta isa ga mutanen da ba su zaune wuri guda. Irin wannan karatu yana da tsada. Malami guda zai bi ruga mai yara goma sha biyar, alhali takwaransa a birni yana gaban yara saba'in, kuma sai an ƙara masa wani abu kafin ya yarda ya zauna a daji. Mai lissafin da ya ce wannan asara ce ya manta cewa jahilcin da aka bari a daji ba ya tsayawa a daji. Arewa maso yamma ta ga haka da idonta.

Sai makaho da kurma da gurgu. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktumi, makahon da ya zo neman ilmi a lokacin da Annabi yake magana da manyan Kuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, Allah kuwa ya nuna cewa mai neman nan shi ya fi cancantar a fuskanta. Daga baya Annabi ya riƙa girmama shi, ya sa shi ladanci, ya kuma sha wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya. Yaro makaho yana bukatar littattafan rubutun makafi da malamin da ya koyi aikin, kurma yana bukatar mai maganar hannu, gurgu yana bukatar hanyar shiga aji da makewayin da zai iya amfani da shi. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Amma doka ba ta sayen keken guragu. Idan kasafi bai bi ta ba, bara ce ke jiran yaron a bakin kasuwa.

Almajiri kuma lamarinsa ya fi rikitarwa, domin yana karatu, amma hukuma ba ta ƙirga karatunsa, ba ta kuma ciyar da shi. A 2012 gwamnatin Shugaba Jonathan ta buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka gina ire-irenta fiye da 150 a ƙasar, aka miƙa wa jihohi. Da yawa daga cikinsu sun lalace, domin an yi kasafin gini ba a yi na abinci da albashi ba. Yaron da ba shi da tabbacin abin da zai ci da rana ba zai zauna a aji ba, kome kyan ajin. Mutanen Suffa ma da abinci aka riƙe su. A 2023 aka kafa hukuma ta musamman domin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta, nasararta kuwa tana rataye da abin da aka sa mata a hannu. Game da 'ya'ya mata, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya yi faɗa a cikin Nurul Albabi ga malaman da ke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta aika da jajis ƙauyuka suna koyar da mata a inda suke. Yarinyar ƙauye a yau abin da ke hana ta sau da yawa ƙanƙane ne a wajen gwamnati, babba a wajen ubanta: nisan hanya, rashin makewayi, rashin malama mace, kuɗin rigar makaranta, da ribar tallan da gida zai rasa.

Bayan rabon da ke tsakanin jihohi akwai na cikin jiha, wanda ya fi ɓoyuwa. Tallafin Tarayya ƙari ne kawai, ainihin nauyin yana kan jihohi da ƙananan hukumomi, kuma mafi yawan kuɗin firamare albashin malamai ne. Saboda haka inda aka tura malamai, nan aka tura kuɗi. Idan makarantar cikin gari tana da malamai har wasu ba su da aji, ta ƙauye kuwa malami biyu suna riƙe da aji shida, to, an riga an raba dukiyar jama'a rabon son kai, ko da babu takardar da ta faɗi haka. Jami'in da ya mai da ɗan'uwansa birni daga ƙauye saboda alfarma ya ɗauke haƙƙin yara ɗari ya ba mutum ɗaya. Haka nan al'adar zuba miliyoyi a makaranta guda ta bakin titi domin baƙi su gani. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Kairawan wanda ya rasu a shekara ta 256, ya wajabta wa malamin yara ya daidaita ɗan talaka da ɗan mai kuɗi wajen koyarwa. Idan an nemi haka ga malami mai allo ashirin, ina ga mai riƙe da makarantun jiha guda?

Wasu ƙasashe sun gwada sa kuɗi ya bi yaro da buƙatarsa. A Ingila tun 2011 ana ba makaranta ƙarin kuɗi a kan kowane ɗalibi da ya fito daga gidan marasa hali ko yake hannun riƙon hukuma. Afirka ta Kudu ta kasa makarantunta aji biyar bisa talaucin unguwannin da suke, mafi talauci su ne ke samun mafi yawa, kuma tun 2007 aka fara ɗauke musu kuɗin makaranta. Brazil tun 1998 take raba kuɗin firamare bisa yawan ɗaliban da aka rubuta, gwamnatin tarayya tana cika wa jihar da ta gaza kai mafi ƙarancin abin da aka yanka wa kowane ɗalibi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta gama da matsalarta, amma Musulmi ba ya bukatar a rinjaye shi a kan asalin ra'ayin, tun da kashi biyu na mai iyali da kashi ɗaya na gwauro sun riga su da ƙarni goma sha huɗu.

Akwai hanzari guda mai ƙarfi da masu adawa ke kawowa, wanda bai kamata a raina ba. Suna cewa idan aka ce mai yawan yara a waje shi zai fi samu, to, an saka wa mai sakaci da alheri, an kuma buɗe ƙofar ƙarya, kowace jiha za ta kumbura alƙalumanta. Tsoron yana kan hanya, domin an sha gano malaman bogi a takardun albashi, ɗaliban bogi kuwa ba su fi su wuyar ƙirƙira ba. Wanda ya rubuta sunan yaron da babu shi domin ya ci kuɗinsa ya yi gululu, watau satar dukiyar jama'a, wadda Annabi ya ƙi yi wa wani mamaci salla saboda ita, ko da yake abin da ya ɓoye bai kai dirhami biyu ba. Amma maganin ƙarya bincike ne. Umaru bai fara fifita kowa ba sai da ya sa masana nasaba suka rubuta mutane gida gida. Nijeriya kuwa ƙidayarta ta 2006 ta tsufa, yawan yaran da ba su makaranta ma ana saɓani a kansa, hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton miliyan 10.5, UNESCO kuma a 2022 ta ce wajen miliyan 20, saboda shekarun yaran da kowace ta ƙirga sun bambanta. Dagatai da masu unguwanni da limamai sun san yaran da ke ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya, su ne suka raɗa musu suna, da za a sa su cikin aikin da an sami diwani na gaskiya. Sa'an nan ƙarin kuɗin a ɗaure shi da yaron da ya shiga aji ya kuma zauna, domin jihar da ta jawo yara ita ce za ta ga ƙari.

Dokar 2004 ta bar tsarin rabon asusun a hannun hukumar gudanarwar UBEC, da amincewar Majalisar Zartarwa ta Tarayya, saboda haka sauya shi ba ya bukatar taɓa tsarin mulki. Sharaɗin rabin kuɗi yana cikin sashe na 11 na dokar, gyaransa na Majalisar Dokoki ta Tarayya ne. Rabon malamai tsakanin gari da ƙauye kuwa yana hannun hukumar ilmin firamare ta kowace jiha da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi, kasafin jiha kuma yana bi ta gaban 'yan majalisar da jama'a suka zaɓa, sau ɗaya kowace shekara.